A Faɗa Tun a Layin Farko

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya koma da hantsin wata Talata a gidansa na Gwadangaji, nan Birnin Kebbi. Yana zaune ne a gindin darbejiyar da ya saba zama, kwamfutarsa a buɗe, kofin shayinsa bai ko huce ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A kwana ukun da muka yi muna zaman makoki na ji an ba Kawu sana'o'i sun fi biyar. Wata tsohuwa daga cikin dangin Argungu ta dubi matan da ke zaune ta ce, "Wai ni, mi na aikin mamacin ga tun da yab bar koyarwa?" Ɗaya ta ce gyaran waya yake yi. Wata ta ce a'a, kwamfuta yake gyarawa. Matar Kawu, wadda idanunta suka kumbura don kuka, sai ga ta tana murmushi. Ta ce, "Gardama shi ka yi da tahinta. Shekara da shekaru. Shi bai gaji ba, tahintan ma bai gaji ba." Ba wadda ta gane. Suka ce Allah sarki, kowa ta koma kan carbinta.

A waje, wurin maza, maigidana ya ce tsofaffin ɗaliban Kawu sun zo daga Sakkwato da Abuja, har da wanda ya taso daga Legas. Maƙwabcin Kawu kuma, wani Bayarabe mai sayar da kayan gyaran babur wanda ya fi shekara talatin a Birnin Kebbi, ya rufe shagonsa kwana uku cur. Yana zaune a gefen tabarma yana gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa, "Ni na ka duba mai aikinai." Mutane suka ɗauka zafin rashi ne ya taɓa shi, don kowa ya san ko saƙon waya sai 'yarsa ta karanta masa. Alhali gaskiya ya faɗa, zan kuma zo kan wannan.

Ni ma ba a bar ni ba. In na wuce da butar alwala sai in ji ƙus-ƙus a bayana. "Ita ta. Ita tat tahi Argungu tah hwaɗa ma uwatta kai tsaye, kamar mai karanta labarai a rediyo." Wata ta ce, "Da hawan jinin ga nata? Ai Allah ne yat tsare." Inna kuwa, mahaifiyata, yayar mamacin, tana jingine da bango tana jan carbi. A kwana ukun nan ba ta ce da ni komai ba kan zancen, in ba ta ce in miƙo mata ruwa ba. Ban san ko fushi take yi da ni ba, kuma abin ya tsaya mini a rai fiye da duk surutun matan.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina so a san wane ne Kawu da abin da ya ɓata tsufansa a kai, don kada nan da shekara biyu a ce mai gyaran waya ne. Ina kuma so a san dalilin da ya sa na yi wa Inna abin da na yi.

Kawu malamin koyar da rubuta manhajar kwamfuta ne a wata babbar makaranta a nan Birnin Kebbi, har ya yi ritaya. Mai rubuta manhaja yana rubuta umarninsa ne da wani harshe na musamman, sai wata manhajar ta daban ta juya rubutun zuwa abin da inji yake ganewa. 'Yan sana'ar suna kiran wannan mai juyawa kwamfaila. Kawu bai taɓa kiransa haka a gida ba, tafinta yake ce masa. In ka yi kuskure a rubutunka, tafinta ba zai juya ba, sai ya dawo maka da saƙo ya ce ga abin da ya hana shi. A kan wannan saƙon Kawu ya yi gardamarsa.

A harshen da ya fi koyarwa akwai abin da ake kira tamfilet, shi kuwa ya raɗa masa mazubi. Kamar na masu buga bulo ne: sau ɗaya ake ƙera shi, sai a yi ta zubawa ana fitarwa. Wani gwani zai rubuta yadda ake jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, sau ɗaya tak, sai kowa ya zo ya zuba nasa, ko lambobi ne, ko sunaye, ko buhuna. Abu mai kyau, har sai ranar da ka zuba abin da bai dace da mazubin ba. A ranar tafinta ba zai tsayar da kai a bakin ƙofa ba. Zai karɓi kayanka ya shige can ciki, mazubi cikin mazubi, sai ya je inda abin ya cije sannan ya fara kuka daga can, yana lissafa maka duk inda ya bi, da sunaye masu tsawon layi uku-uku waɗanda ba kai ka rubuta su ba.

Ni ce sanadin shigarsa wannan rigima, kuma har ya rasu bai daina yi mini gori ba. A gidansa na zauna lokacin da na zo karatu daga Argungu. A shekarata ta biyu aka ba mu aiki, na zaɓi in rubuta 'yar manhajar da za ta jera buhunan albasar Inna. Layi talatin ne duka-duka. Na miƙa wa tafinta, sai ga saƙo ya cika fuskar kwamfuta, na yi ta ja yana ta zuwa. Ban ga sunan albasa ba, ban ga layina ba, sai baƙin sunaye da kalmar kuskure ta ko'ina. Kwana biyu ina fama. A na uku na naɗe littattafaina, na samu Kawu bayan la'asar na ce ni dai kaina ba na wannan karatu ba ne, a mayar da ni wani fannin ko a mayar da ni gida.

Bai lallashe ni ba, shi ba gwanin lallashi ba ne. Ya ce in kawo kwamfutar. Washegari ya dawo daga makaranta da saƙon an buga shi a takarda, shafi goma sha ɗaya. Ya shimfiɗa su a tabarma ɗaya bayan ɗaya, ya danne kowanne da dutse, ya durƙusa da jan biro yana bi. Matarsa ta fito ta tsaya tana kallonsa, ta ce ko tsaba yake shanyawa. A shafi na tara ya yi da'ira. Layina ne, na goma sha biyu, a maƙale tsakanin wasu sunaye.

Ya ce, "Kin ce a jera buhuna. To da mi? Da nauyi, ko da ranar da anka cire albasar? Ba ki hwaɗa ba. Shi ke nan kuskuren naki, layi guda."

Na ce, "To duk wannan fa?"

Ya ce, "Wannan surutun tahinta na. Ke kin manta abu guda, shi ya kasa hwaɗin abu guda cikin shahi goma sha ɗaya. A tsakaninku wa ya kamata shi ji kunya?"

Na yi dariya da hawaye a fuskata, na kwance littattafaina. Yau da wannan sana'ar nake ci, ina rubuta manhaja a wani kamfanin casar shinkafa. Shi kuwa ya tattara takardun nan ya sa a jaka, kuma na lura ransa a ɓace yake fiye da yadda abin ya kai. A lokacin ban san dalili ba.

Da farko wata 'yar manhaja ya rubuta wa ɗalibansa, mai tace saƙon tafinta ta fito da layin ɗalibi a sama. Daga baya ya ce wannan shafa mai ne a kan ƙurji, gara a je a gyara bakin tafintan kansa. Tafintan da muke amfani da shi ba mallakar mutum ɗaya ba ne, masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke kula da shi ta intanet, kowa ya ga gyara ya aika, a duba, a karɓa ko a mayar masa. Kawu ya shiga cikinsu yana da furfura. Gyaransa na farko sau huɗu ana mayar masa da shi, kuma wanda yake mayarwar, daga baya muka gane, bai kai shekarun autansa ba. Matar Kawu ta ce ita da ita ce da tuni ta yi zuciya. Ya ce, "Yaron ga ya hi ni sanin cikin tahinta. Ni kau na hi shi sanin huskar ɗalibi in ya ga saƙon. Sai mu haɗa."

Da ya yi ritaya sai abin ya zama masa aikin yini. Bayan ya karya kumallo zai fito da kujerarsa da ɗan teburi gindin darbejiya, ya ja wayar wuta daga solar da ke kan rufi, ya zauna har azahar. Yana da ƙa'idojinsa, duk wanda ya zauna da shi ya haddace su. Layin farko ya faɗi abin da ya faru. Na biyu ya nuna wurin, a rubutun mutum, ba a cikin hanjin mazubi ba. Na uku ya faɗi abin da za a yi. Sauran bayanin ba a zubar da shi, a ajiye shi a ƙasa don mai son tonawa. Sai kuma wadda ya fi tsanantawa a kai: kada saƙo ya yi wa mutum faɗa. Ya tsani kalmomi irin su haramtacce da mara ma'ana. Yakan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, mai gyara kuma ba alƙali ba ne.

A nan maƙwabcinsa ya shigo. Duk saƙon da Kawu ya rubuta, kafin ya aika sai ya juya shi da Hausa ya ƙetara titi ya karanta wa mai kayan babur. Dalilinsa shi ne mutumin ya yini yana sauraren masu babur suna kwatanta masa ciwon injinsu, ya san bayani mai kai mutum ga gyara da wanda ba ya kaiwa. Na taɓa tsayawa na saurare su. Kawu ya karanta, "Ba a samu hanyar gwada abu biyu na irin da ka bayar ba." Maƙwabcin yana ƙirga kusoshi a cikin gwangwani, bai ko ɗago ba, ya ce, "Malam, na ji ciwo, ban ji inda za ni sa hannu ba." Kawu ya koma gindin bishiya, bayan rabin awa ya dawo. "A layinka na kaza ka ce a jera buhuna, amma ba a faɗi wanne ke gaba da wanne ba. Ƙara wannan a inda ka siffanta buhu." Maƙwabcin ya ce, "Yawwa. Wanga ko ni na gyara shi." Kawu ya juyo yana washe baki kamar wanda ya ci jarrabawa.

Kada a ɗauka waliyyi nake siffantawa. Kawu yana da taurin kai, kuma in ya yarda da abu sai ya wuce gona da iri. Mun taɓa yin faɗa na gaske, a kan aikin nan nasa. Akwai lokacin da son gajarta saƙo ya kai shi ga yin zato. In rubutun mutum zai iya shiga mazubi biyu kuma ya kasa shiga ko ɗaya, sai saƙonsa ya zaɓi wanda ya fi kama, ya yi bayani a kansa, ya tura ɗayan can ƙasa. Ya ba ni in gwada kafin ya aika, na sa a kwamfutar aikina. Saƙon ya nuna mini wuri da cikakken tabbaci, gajere, mai daɗin karantawa, kuma ba nan matsalar take ba. Kwana uku ina tonon inda babu komai, ana jiran aikina a kamfani.

Na je gidansa da zafina. A gaban matarsa na ce, "Kawu, gara tsohon surutun da wannan. Shi dai bai yi mini ƙarya ba." Na san na yi rashin kunya tun kafin in rufe baki. Ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce, "To, injiniya. Mun gode." Mako biyu in na gaishe shi ta waya sai ya amsa da lafiya lau ya miƙa wa matarsa.

Ranar wata Asabar da safe sai ga shi a gidana a unguwar Nassarawa, da busasshen kifin Argungu a leda da kwamfuta a hammata. Kunya ta kama ni, babba ya tako gidan ƙarami. Ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma kada in saba. Ya buɗe ya nuna mini sabon saƙon: "Abin da ka rubuta zai iya nufin ɗayan biyu, ba a san wanda kake nufi ba. Ga na farko da abin da ya hana shi. Ga na biyu da abin da ya hana shi." Ya ce, "Kin yi gaskiya, ko da yake bakinki ba shi da linzami. In ba ka sani ba, shi ma abin hwaɗi na a layin hwarko." Muka ci kifin da ɗumamen tuwo, zancen ya wuce. Wannan gyaran yana cikin waɗanda aka karɓa ba a mayar masa ba ko sau ɗaya, kuma ya sa an rubuta a ƙasansa cewa 'yar yayarsa ce ta gano kuskuren.

Dalilin wannan duka sai bara na ji shi. Muna hanyar Argungu lokacin yankan shinkafa, maigidana yana tuƙi, Kawu yana gaba. Mun fara hango fadama ke nan, mutane sun duƙa a gonaki, sai ya fara magana ba tare da ya juyo ba. Ya ce lokacin da yake karatu a nesa, shekaru kusan arba'in da suka wuce, mahaifiyarsu, wato Kakata, ta kwanta ciwon ajali. Babu waya a lokacin. Aka ba wani direban babbar mota saƙo ya kai masa. Saƙon ya fara da gaisuwa, da labarin ruwan bana, da an haifi wane, da ana yi masa fatan alheri a jarrabawa. Can ƙarshe aka ce jikin tsohuwa ya ɗan motsa, in ya samu hali ya leƙo. Jarrabawarsa saura kwana uku ta ƙare, sai ya tsaya ya gama. Da ya iso Argungu ya tarar an binne ta jiya. An ce har ranta ya fita tana tambaya ko ɗan bokonta ya iso.

Na tambaye shi wa ya aika saƙon. Ya ce, "Gida." Bai ƙara ba. Sai da muka kusa shiga gari ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ranar da tawa ta zo, za su ce kar a hwaɗa ma Yaya, don hawan jini. Za su ce mata jikina ya motsa, sai an rufe ni a tara mata dattawa. Ke za ki tahi da ƙahwarki ki hwaɗa mata, tun ina kwance cikin gida. Kin san ƙa'ida." Na ce Kawu ka daina irin wannan magana. Ya ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya, in ce na yi alkawari. Na ce na yi, don dai a bar zancen.

Haka kuwa aka yi, kamar ya karanta a takarda. Ranar Talatar, ina isa Gwadangaji na tarar ƙaninsu, Kawu ƙarami, ya riga ya tsara komai. Jana'iza bayan la'asar. Inna kuma za a buga mata waya a ce jikinsa ya ɗan motsa, da magariba a tura dattawa su zauna da ita su faɗa mata a hankali. Na san Inna. Ana cikin ɗaurin albasa, in aka ce mata ya ɗan motsa za ta ce Allah ya sauwaƙe, gobe tana tafe. Ko a Juma'ar da ta wuce ya kira ta ya ce ta zo su ci abinci, ta ce sai ta gama da albasa.

Na ce da Kawu ƙarami akwai alkawari tsakanina da mamacin. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗiyag ga, gawa guda muke da ita. In kin je kin mai da su biyu, ke kin sani." Ba mugunta ba ce ta sa ya faɗa. Bara waccan Inna ta faɗi a tsakar gida don labarin da bai kai wannan ba, sai da ta kwana biyu a asibiti. Na tsaya a zaure. Matar Kawu ce ta leƙo daga ciki ta ce, "Mamacin ya hwaɗa min ni ma. Tahi."

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma ban taɓa jin nisan Argungu kamar ranar ba. Ina ta jera maganar a raina ina rushewa. Sau biyu na kusa ce wa maigidana mu tsaya in buga waya in faɗi abin da aka tsara. Na tsaya a kemis na sayi irin maganinta, na riƙe a hannu har ledar ta jiƙe.

Na same ta a tsakar gida tana tsince albasa a kan buhu. Ta gan ni da rana tsaka ranar aiki, ta ajiye abin da ke hannunta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na gaishe ta a gajarce, na jawo tabarma na ce ta zauna sosai, na durƙusa na kama hannayenta biyu.

Na ce, "Inna, Kawu babba ya rasu. Yau da hantsi, a gida, yana zaune gindin bishiyarsa. Bai yi jinya ba, ba wanda ya yi sakaci, ko ɗazu ya karya kumallo ya yi wa matarsa tsiya. Yana nan kwance, ba za a fita da shi ba sai bayan la'asar. Ga mota a ƙofa. In kin tashi yanzu za ki same shi."

Hannayenta suka yi sanyi a cikin nawa. Ta rufe ido, bakinta yana motsi da salati, ni kuwa ina kallon jijiyar wuyanta ina ƙirga numfashinta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sannan ta buɗe ido ta ce, "Ɗauko min mayahina. Da maganin ga da ke hannunki."

Mun iso ana shirin yi masa wanka. Aka ba ta wuri, ta shiga ɗakin ita kaɗai, aka sakaya ƙofa. Ta daɗe. Daga waje muna jin muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai hira, ba kamar mai kuka ba. Da ta fito ta nemi gefen bango ta zauna, kuma a nan ta yi kwana ukun da na faɗa, ba ta ce da ni uffan ba kan zancen.

Abin da ya bari ba shi da yawa a ido. Na buɗe kwamfutarsa na sanar da abokan aikinsa na intanet, mutanen da bai taɓa gani ba. Amsoshi suka yi ta zuwa. Wani ya ce shi bai taɓa sanin dattijo ne ba. Wata malama daga wata ƙasa mai nisa ta ce ɗalibanta sun daina zuwa mata da shafuka goma a hannu, ba ta kuma san wa za ta gode wa ba sai yanzu. Na juya wasu da Hausa na ƙetara titi na karanta wa maƙwabcinsa. Ya saurara, ya share ido da gefen riga, ya ce, kamar yadda ya saba ce wa Kawu in saƙo ya yi masa, "Waɗanga sun yi. A aika." Kawu ya yi tsufa mai daɗi. Ya samu abin da yake so ya yi, ya yi shi a inuwar gidansa, ya tafi ba tare da ya kwanta ba. Ina kewarsa ƙwarai, amma ba na jin tausayinsa.

Ranar bakwai na mayar da Inna Argungu. Albasar tana nan inda muka bar ta, maƙwabta sun lulluɓe ta da buhu. Na share mata ɗaki, na ɗora ruwan zafi, ina ta kewaye-kewaye don in ji ko za ta yi magana. Da na ga rana ta yi sanyi na durƙusa na ce, "Inna, in na ɓata miki rai da yadda na faɗa miki, ki yafe mini. Shi ya sa ni."

Ta naɗe carbinta a hannu. Sannan ta ce, "Ya ba ki labarin saƙon da anka aika mai, lokacin tsohuwa?"

Na ce ya ba ni.

"Ya hwaɗa miki wa ya aika?"

Na ce cewa ya yi gida.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Ni ta. Ni nat tsara ma direban abin da za shi ce. Tausayi nai nij ji, na ce kar a ɓata mai jarrabawa. Ya sani, direban ya hwaɗa mai. Shekara arba'in muna cin tuwo kwano guda, bai taɓa ce min ke ta ba. Ni kau ban taɓa iya buɗe baki in roƙe shi ba." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ran nan cikin ɗaki na roƙe shi. Da kun bi ta Kawunki ƙarami, da sai dai in roƙi ƙasa."

Ta jawo buhun albasar gabanta, ta yaye lulluɓin, ta fara tsincewa daga inda ta tsaya. Na miƙe zan tafi, har na kai bakin zaure ta kira ni.

Ta ce, "Ranar tawa, ke za ki hwaɗa ma mutane. Kak ki bari a ce jikina ya motsa."